Manaja Madalla

Shekarun baya, lokacin ina sakatariya a ofishin wata ƙungiyar manoma a Kazaure, wata safiyar Litinin na ɗaga kai daga kan takardun da nake bugawa, sai na hango wani mutum yana sauka daga kan acaɓa a bakin ƙofa. Ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, yana rungume da jaka, yana ta ƙyaƙyata dariya shi da ɗan acaɓan kamar tare suka tashi. Wushiryarsa ce ta fara ɗaukar idona. Na ce a raina wani ne ya zo neman aiki. Sai ga shi a gaban teburina yana cewa, "Sannu Malama, ni ne sabon manajan. Ina ne ake ajiye manajoji a nan?"

Ku da kuka daɗe kuna bibiyata kun san halina da littattafan soyayya. A wancan lokacin abin ya fi haka. Duk ranar kasuwa sai na karɓo haya biyu ko uku, in ɓoye ɗaya a aljihun tebur. Ni ce na buga takardar ɗaukar mutumin nan aiki, kuma mako biyu na yi ina zana shi a zuciyata: dogo, mai baƙar mota, mai ƙamshin turare, wanda ba ya magana sai ta kama. Sai aka kawo mini mai wando a safa.

Aikin ƙungiyar shi ne tara riɗi da gyaɗa da zoɓo daga manoman Roni da Gwiwa da Babura, a nemo musu mai saye da daraja. Kwamitin dattawa ne ke riƙe da ita, su suka ɗauko shi, bisa sharaɗin gwajin wata shida. In manoma sun yi na'am da shi a tabbatar masa da kujerar, in ba su yi ba ya kama gabansa. Iyayensa 'yan ƙasar Roni ne, amma a kudu aka haife shi, can ya yi karatu. Hausarsa tana fita, sai dai ba ta da gishiri, kuma ya san da haka.

Makonsa na farko bai zauna a ofis ba. Akwai wata darbejiya a tsakar harabar, inda ma'aikata ke haɗuwa bayan azahar su ci abinci a tire ɗaya, direba da ma'ajin sito da mai gadi da duk manomin da rana ta yi masa a wurinmu. Nan ya je ya naɗe ƙafa. Ya tambayi mai gadi 'ya'yansa nawa. Ya ji ina gaya wa wata a waya cewa ƙafar mahaifiyata ta hana ta barci, washegari sai ga shi da kwalbar man zafi, wai mahaifiyarsa shi take shafawa. A wurin cin abincin ya yi wani kuskuren Hausa, aka yi ta dariya har ma'ajin sito ya ƙware, shi ma yana taya su.

Ranar Juma'a da aka watse ya tsaya a gaban teburina, babu dariyar nan a fuskarsa.

"Malama, ke 'yar gari ce. Ki gaya mini gaskiya. Dariyar da suke yi, da ni suke yi ko ni suke yi wa?"

Da na ce masa da shi suke yi, da ban yi ƙarya ba, da kuma wannan labarin bai samu ba. Amma ga jarumi ya kawo kansa hannuna yana neman a gyara shi. Na gyara zaman mayafina na ce, "Yallaɓai, mutanen nan in ka sake musu fuska, kanka za su hau."

"To yaya zan yi? Wata shida gare ni."

Duk abin da na sani game da manyan mutane a littafi na karanta shi. A can babban mutum miskili ne. Ba ya dariya har a ga haƙorinsa, ba ya cin abinci a gaban mutane, ba ya tambaya, domin tambaya alamar rashin sani ce. In an yi masa magana mai tsawo ya ce "uhm". In abu ya yi masa daɗi ya ce "madalla", shi ke nan. Wannan na zayyana masa, ina yi kamar daga bakin kakannina na ji. Na ce ya daina hawa acaɓa, ga motar ƙungiya nan, ya zauna a baya ya ɗaga gilashi. Na ce duk mai son ganinsa ya biyo ta teburina. Na ja direba gefe na ce masa Yallaɓai ba ya son surutu a mota, kada ya buɗe baki sai an tambaye shi.

Abin haushin shi ne, da farko abin ya yi aiki. Ma'aikata suka fara zuwa da wuri. In ya shigo sai a miƙe. Ma'ajin sito, wanda ya ƙware don dariya, da bakinsa ya ce mini, "Ashe yaron nan akwai kwarjini, lambo ya yi mana." Ni kuwa ina ƙara wa miya gishiri, in an tambaye ni sai in rage murya in ce ai shi haka yake, zurfin ciki gare shi. Na ji kaina kamar marubuciya. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: a littattafan nan miskili ba ya sakin fuska sai ga mace ɗaya tak, wadda ta fahimce shi. Ni ce ƙofa ɗaya da ta rage masa a ginin nan, ina zaune ina jiran babin da zai gane haka.

Mahaifiyata ce kaɗai ba ta saya ba. Ina ba ta labari da yamma tana shafa man zafin a gwiwarta, ta ce, "Yaron da ya aiko mini da wannan ne kika mayar kurma?"

"Inna, ba ki san aikin ofis ba."

"Ban sani ba kam. Amma na san gidan da ba a shiga, ko gobara ta tashi a ciki ba mai sani sai ta fito waje."

Na ce tsofaffi dai.

Bayan azahar harabar takan rabu uku. Su suna ƙarƙashin darbejiya suna hayaniya. Shi yana cikin ofis da burodi da ruwan leda. Ni ina tsakani, da littafina a cinya, ba na cikin waɗancan, ba na wurin wannan. Dā nakan kai kwanona kusa da bishiyar in zauna da mai share-share muna jin hirarsu, amma sakatariyar miskili ba ta zama a ƙasa. Wata rana na shiga kai masa takarda na same shi tsaye ya ɗan ɗaga labule yana leƙensu.

"Me suke wa dariya haka?"

"Shirme ne kawai, Yallaɓai."

Ya saki labulen ya ce, "Uhm." Ya iya ta sosai a lokacin. Har wani daɗi na ji.

A wata na huɗu kaka ta yi, aiki ya taso. Aka sami mai sayen riɗi da yawa, aka tura babbar mota Gwiwa ta yi lodi. Wanda ke tara manoman can wani dattijo ne, ɗan kwamiti, mutumin da in ya ce a fito da buhu ake fitowa da shi. Kwana uku mota na tsaye ba ta cika ba, mai saye yana ta bugo waya, manaja ya kasa zaune ya kasa tsaye. Dalilin kuwa kowa ya san shi: matar dattijon tana kwance a asibiti a nan Kazaure, yana wurinta dare da rana. An faɗa a gindin darbejiya, har ma'aikata sun je dubiya. Ni ma na sani. Da manaja ya tambaye ni abin da ya tsayar da lodi, sai na ce, "Dattijon ne yake da ɗan uzuri." A ganina ciwon matar wani ƙaramar magana ce, ba ta kai a shigar wa babban mutum ba. Shi kuma bai tambayi wane uzuri ba. Na riga na koya masa.

Ranar Alhamis da safe ya shiga mota za su Roni. Suna kaiwa bakin ƙofa sai ga dattijon a ƙafa, rigarsa duk ta yamutse. Tagata tana kallon ƙofar, komai a kunnena aka yi. Daga baya muka ji cewa motar ya zo roƙo, a kai masa gawa gida. Ya matso, ya ɗan rusuna duk da ya haifi wanda ke ciki. Manaja ya sauke gilashi kamar faɗin tafin hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji dattijon, "ai ta cika da asuba."

Na ga fuskar manaja ta washe, karo na farko cikin watanni. Kwana uku ba abin da ke ransa sai motar riɗi.

"Madalla!" ya ce. "Madalla, Baba. Abin da nake ta jira ke nan."

Ya ɗaga gilashi. Ya ce wa direba su tafi.

Direban ya gaya mini daga baya cewa shi ya gane abin da dattijon yake nufi, amma an ce kada ya yi magana sai an tambaye shi, ga shi ba a tambaye shi ba. Dattijon ya tsaya a wurin yana kallon bayan motar. Mai gadi ne ya kama hannunsa ya zaunar da shi a benci, ma'ajin sito ya ruga tasha ya nemo motar haya. Ni kuwa ina zaune. Ƙofa taku biyar ce daga teburina, wayata tana gabana. Na kasa tashi, na kasa bugawa. A duk littattafan da na karanta babu shafin da ya ce ga abin da ake yi a nan.

Sai da suka kusa Roni direba ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya ce, "Yallaɓai, ko za ka kore ni, ka ba ni izini in yi magana."

Kafin su juyo su isa Gwiwa an riga an kai ta makwancinta. Da la'asar ya shigo ofis, ya tsaya a inda ya tsaya ranar Juma'ar nan ta farko.

"Kin san tana asibiti?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

"Wa da wa suka sani?"

"Kowa, Yallaɓai."

"A ina suka ji?"

Na dai kalli taga, shi ma ya kalla. Tiren yana jingine a jikin darbejiya, an wanke an kife.

Kwana uku ya yi yana zuwa zaman makoki, a kan acaɓa, yana zama a ƙarshen tabarma. Ma'ajin sito yana wurin a rana ta uku da ya matsa gaban dattijon ya durƙusa, ya fara bayani. Dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ɗana, tashi. Tun a bakin ƙofar na yafe maka. Na san mota kake nufi, ni ma da na zauna na gane. Ba ka sani ba." Sannan ya ce, "Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne. Kwana tara tana kwance a garinku, ga ofis ga asibiti. Mai gadinka ya sani. Mai shayin bakin titi ya sani, har ya aiko mata. Yaya aka yi kai kaɗai ne ba ka sani ba?"

Dattijo ya yafe, amma magana zarar bunu ce. Kafin kasuwar Gwiwa ta sake ci labarin ya isa Roni, ya isa Babura, yana tafe yana ƙara ƙiba. Wasu suka ce dariya ya yi. Wasu suka ce cewa ya yi gara da ta mutu a samu a yi lodi. Ba wanda ya ƙara kiransa da sunansa, sai Manaja Madalla. In akuyar wani ta mutu sai abokinsa ya ce, "A kai wa Manaja labari ya sa albarka." Da mutumin makon farko ne ya yi wannan kuskuren, mai wando a safa, da an ce Hausa ce ta ba shi kashi, a yi masa dariya, a wuce. Amma wata huɗu na yi ina gina musu mutumin da zai iya faɗin haka da gangan. Da ya faɗa, sai suka gaskata.

Ya yi ƙoƙari a wata biyun da suka rage. Ya bar motar, ya buɗe ƙofar ofis, ya koma gindin darbejiya. Sai dai in ya zauna hira takan mutu, kowa ya sa ido a tire. Na ji mai gadi yana cewa, "Kwamiti ya kusa zama, shi ya sa." Ya daina tambayata komai, ba da faɗa ba, sai gaisuwa da takarda. Ma'aikata kuma sun san ta teburin wa ake bi. Ban taɓa zama ni kaɗai irin na watannin nan ba, a ɗaki mai ƙofa biyu, kowacce a buɗe, ba mai tsayawa.

Da kwamiti ya zauna, an ce dattijon Gwiwa ne kaɗai ya tsaya masa, ya ce yaro ne, ya ji jiki, a bar shi. Sauran suka ce ba su ƙi ba, amma manoma sun fara kai kayansu wani wuri, ba a riƙe ƙungiya da sunan da ake tsokana da shi a kasuwa. Ni na buga takardar sallamar, kamar yadda na buga ta ɗauka.

Ranar da zai tafi na tattara ƙarfin halina na shiga. Na ce masa shawarar nan ba ta mutanen garinmu ba ce. Na buɗe jaka na ɗora littafi ɗaya a kan teburinsa, mai hoton wani saurayi ya haɗe rai a jikin mota. Ya ɗauka, ya juya shi, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, irin ta ranar farko, har wushiryar ta fito. Na fi son ya zage ni.

"To a littafin yaya ake ƙarewa?"

"A ƙarshe kowa yakan gane mutumin kirki ne."

"Shafi nawa kafin nan?"

"Kamar ɗari uku."

"Ni wata shida aka ba ni, Malama." Ya miƙo mini littafin. "Kada ki ɗauka duka a kanki. Ni ma gilashin ya yi mini daɗi. Tsoro nake ji kada in buɗe baki a raina ni, sai kika ba ni wurin ɓuya."

Ya saɓa jakarsa ya fita ya tsayar da acaɓa. Babin da nake jira bai zo ba, kuma bai taɓa sanin ina jiransa ba.

Na daɗe ina juya abin nan. Sabon shugaba kamar sabon bango ne da ba a gama shafe ba, duk wanda ya dafa sai hannunsa ya fito, ya kuma bushe a haka. Na ɗauka suna abu ne da ake ɗinka wa mutum a ɗaki a fito da shi a sa masa. Ashe a bakin mutane ake yinsa, da abin da suka gani a kwanakin farko, kuma ranar da ka yi tuntuɓe da wannan za su auna ka. Har yau ina karanta littattafaina, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma in na zo inda miskili ya ce "uhm" yarinya ta narke, sai in rufe in tambayi kaina, shi wannan wa yake gaya masa in an yi rasuwa?

Bara wani aiki ya kai ni Babura ranar kasuwa. Ina ratsa layin 'yan hatsi sai na ji wani yana ƙwala kira, "Madalla! Madalla, ga mutanen Nijar sun iso!" Na juya. Yana zaune a kan buhu a ƙofar wani ɗan sito, ya yi ƙiba, furfura ta fara, hannunsa cikin tire ɗaya da masu dako. Ya amsa da "Na'am, ina zuwa!" ko a jikinsa. Mai goron da na tsaya kusa da shi ya ce ai ba wanda ya kai shi jama'a a layin nan, har daga Gwiwa ake kawo masa kaya, kuma in ɗanka ya yi zazzaɓi shi zai riga ka sani. Na tambaye shi asalin sunan. Ya ce bai sani ba, wataƙila don mutumin kirki ne.

Na so in wuce, sai ya gan ni. Ya wanke hannu ya taso da dariyarsa. Muka gaisa, ya ce yana da 'ya'ya uku, na ce Allah ya raya. Ya tambayi ofis, ya tambayi darbejiya ko tana nan. Sannan ya ce, "Yaya Inna da ƙafarta?"

Ban shirya kalmar ba, ita ta zo da kanta. Na ce, "Ai ta cika. Shekara biyu ke nan."

Dariyar ta ɗauke. Ya yi salati a hankali, ya yi mata addu'a mai tsawo, na shafa. Mutanen Nijar suna jiransa, ana ta kiran sunansa daga bakin sito, bai waiga ba. Ya jawo benci ya kakkaɓe mini, shi ya zauna a kan buhu.

"Zauna, Malama," ya ce. "Gaya mini. Kwana nawa ta yi a kwance?"